Takardar Koke Kan Halin da Talakan Abuja Ke Ciki a Hannun 'Yan Sanda

Zuwa ga Mai Girma Kakakin Majalisar Wakilai ta Tarayya,
Honorabul Tajuddeen Abbas, Iyan Zazzau,
Harabar Majalisar Dokoki ta Ƙasa, Abuja.

Ta hannun Kwamitin Sauraron Koke-koken Jama'a.

Ranka ya daɗe,

 Mu da muka sa hannu a wannan takarda, wasu da biro wasu da dangwalen yatsa, mazauna unguwannin da ke zagaye da Birnin Tarayya ne: Nyanya da Karu da Mpape da Gwagwa da Karmo da Dei-Dei da Zuba da Lugbe da Kabusa. A cikinmu akwai direbobin Keke Napep da 'yan acaɓa, da masu shayi da 'yan garuwa, da leburorin gini da masu gadi da 'yan gwangwan, da masu sayar da kayan gyaran mota, da limamai da fastoci, da iyaye mata da suka sha kwana a ƙofar caji ofis da kwanon abinci a hannu. Akwai Bahaushe da Bafulatani da Babarbare, akwai Gbagyi masu ƙasar tun asali, akwai Ibo da Tibi da Igala. Da Hausa muke ciniki da junanmu a kasuwa, shi ya sa da ita muka kawo kukanmu.

Dalilin da ya sa muka nufo ƙofarka ba wani ba ne illa ba mu da wata. Mutumin Kano ko na Neja yana da gwamnan da ya zaɓa, yana da majalisar jiharsa. Mu kuwa minista ake naɗa mana, sanata ɗaya gare mu da 'yan majalisar wakilai biyu, kuma sashe na 299 na kundin tsarin mulki ya ce Majalisar Dokoki ta Ƙasa ita ce mai yi wa Abuja doka. Sashe na 88 kuma ya ba ku ikon kiran kowane jami'i ya zo ya yi bayani. Saboda haka ku ne majalisar jiharmu.

Muna so a shaide mu tun farko cewa ba ƙiyayyar 'yan sanda ce ta sa mu wannan rubutu ba. 'Ya'yanmu ne, wasunsu hayar gida ɗaya muke yi da su, mun san albashinsu, mun ga barikokinsu. Mun ga abin da ya faru daren 5 ga Yuli, 2022 da aka fasa gidan yarin Kuje, mun ga satar mutane a yankin Bwari a farkon 2024, kullum kuma muna jin labarin ɓarayin da ke ɗaukar fasinja a mota su yi masa ƙwace. Ba mu manta da Mataimakin Kwamishina Usman Umar ba, wanda aka harbe a bakin aikinsa kusa da Sakatariyar Tarayya ranar 22 ga Yuli, 2019. Talakan da ba shi da katanga ba shi da maigadi shi ya fi kowa buƙatar ɗan sanda. Abin da ya dame mu shi ne idan mai kakin ya zalunce mu, babu inda za mu je a bi mana hakkinmu har ƙarshe.

Ranka ya daɗe, bari mu faro daga abin da duk Nijeriya ta sani. A daren 7 ga Yuni, 2005, wasu matasa shida, biyar 'yan kasuwar kayan mota na Apo da budurwa ɗaya, suna dawowa daga wajen shaƙatawa suka iske shingen 'yan sanda a titin Gimbiya da ke Garki. Aka buɗe musu wuta, huɗu suka mutu. Biyun da suka tsira, saurayi da budurwar, aka kashe su daga baya don kada a sami mai ba da labari. Aka jera makamai kusa da gawarwakin, aka ɗauki hoto, aka shaida wa duniya cewa 'yan fashi ne. Da 'yan uwansu na kasuwa ba su tashi tsaye ba, da a nan zancen ya mutu. Shugaba Obasanjo ya kafa hukumar bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Olasumbo Goodluck, gaskiya ta fito, gwamnati ta ba da haƙuri, ta biya kowane gida naira miliyan 3. Amma shari'ar ta ci shekara goma sha biyu ba kaɗan. Sai ranar 9 ga Maris, 2017 Mai Shari'a Ishaq Bello na Babbar Kotun Birnin Tarayya ya yanke wa ƙananan 'yan sanda biyu hukuncin kisa, ya sallami uku saboda rashin gamsasshiyar hujja. Ba mu ja da hukuncin kotu. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne DPO na Garki na wancan lokaci, wanda aka tsare a kan wannan magana, ya sulale daga hannun 'yan sanda, aka gama shari'ar ba a ga ƙeyarsa ba, kuma ba mu taɓa jin an hukunta wanda ya buɗe masa ƙofa ba.

Shekara takwas bayan kisan waɗancan matasa, a Apo ɗin da suke kasuwanci, abin ya faɗo kan wasu mutanen. Kafin asubahin 20 ga Satumba, 2013, sojoji da jami'an tsaron farin kaya suka dira a wani kangon gini inda talakawa, akasarinsu 'yan Arewa masu tuƙa keke da ƙananan sana'o'i, suke biyan maigadi ɗan abin da ya samu suna kwana. Mutum takwas suka rasu, sha ɗaya suka jikkata. Aka ce 'yan Boko Haram ne, sun binne makamai. A watan Afrilu, 2014 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce babu wata hujjar da ta nuna haka, ta ba da umarnin a biya naira miliyan 10 ga iyalan kowane mamaci da miliyan 5 ga kowane mai rauni, jimla miliyan 135. Kotun ECOWAS ma ta yanke hukunci a kan gwamnati a 2016. Kuɗin da Hukumar ta yanke bai fito ba sai a watan Afrilu, 2018. Mun san waɗannan ba 'yan sanda ba ne suka yi, amma mun kawo shi ne domin Iya ya ga yadda abin yake tafiya: saurayin Ibo mai mota da dare, ɗan fashi ne, Bahaushe mai kwana a kango, ɗan ta'adda ne. A duka biyun an yanke hukunci da kamannin mutum tun kafin a tambaye shi sunansa, kuma a duka biyun jini ya zuba kafin a yi binciken da ya kamata a fara da shi.

Mata ma ba su tsira ba. A watan Oktoba, 2017 kotun ECOWAS ta sami Nijeriya da laifi kan yadda jami'an haɗin gwiwa ke kwasar mata a titunan Abuja da dare ana kiransu karuwai, ta ce a biya uku daga cikin masu ƙarar naira miliyan 6 kowace. Ba a yi shekara biyu ba, a watan Afrilu, 2019, aka sake yin samame a gidajen rawa, aka kwashi mata da dama, wasunsu suka fito suka ce an ci zarafinsu a tsare ta hanyar da bakinmu ba zai iya maimaitawa a gabanka ba. Mu masu addini ne, ba ma goyon bayan baɗala. Amma ba mu san addinin da ya halatta wa mai tsaro ya keta haddin macen da ke hannunsa ba.

Wani zai ce ai an yi ta kafa kwamitoci. Gaskiya ne, an kafa, kuma a nan kukanmu ya fi ciwo. A watan Agusta, 2018 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya ba da umarnin a yi wa rundunar SARS garambawul. Kwamitin da Tony Ojukwu ya jagoranta ya miƙa wa Shugaba Buhari rahoto a watan Yuni, 2019, ya ba da shawarar a kori 'yan sanda 37, a gurfanar da 24. Shugaban ƙasa ya ba da wata uku a tsara yadda za a aiwatar. Wata ukun ya wuce, shekara ta zagayo, sai da matasa suka cika tituna sannan Sufeto Janar Mohammed Adamu ya rusa SARS ranar 11 ga Oktoba, 2020. Aka sake kafa wani kwamitin a nan Abuja ƙarƙashin tsohon alƙalin Kotun Ƙoli, Mai Shari'a Suleiman Galadima. Mutane suka kai ƙorafi kusan 300. Tsofaffi sun taso daga jihohi masu nisa da hoton 'ya'yansu a cikin leda, suna tambayar abu ɗaya: yana raye, ko kuwa a nuna mana kabarinsa. An sha ɗage zama saboda jami'an da aka kira ba su zo ba. Da kwamitin ya kammala a watan Satumba, 2022, an biya kimanin mutum 100 diyyar da ta haura naira miliyan 430, an kuma sami 'yan sanda 72 da laifi, aka ce a gurfanar da 28, a kori 25. Mun gode da diyyar. Amma har ranar da muke wannan rubutu, babu wanda ya fito ya karanta mana cewa ga wanda aka gurfanar, ga kotun, ga hukuncin. Kuɗin kuma daga baitulmali ya fito, wato daga aljihun wanda aka zalunta da maƙwabcinsa. Wanda ya yi aika-aikar ko sisinsa bai yi ciwo ba.

Sai kuma abin da ya sa iyaye da yawa kuka a gaban talabijin. Ranar 1 ga Nuwamba, 2024 aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja kan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa. Wajen 30 daga cikinsu yara ne 'yan shekara 14 zuwa 17, da aka kwaso daga Kano da Kaduna da wasu jihohin Arewa, aka tsare su kusan wata uku a hannun 'yan sanda, nesa da iyayensu. Duniya ta ga haƙarƙarinsu a waje, ta ga yadda suke wawar biskit, ta ga huɗu sun yanke jiki sun faɗi a gaban alƙali. Aka sa belin kowannensu naira miliyan 10, yaran da iyayen wasunsu ba su taɓa riƙe dubu ɗari tasu ta kansu ba. Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su ranar 4 ga watan, muna kuma yi masa godiya. A ranar an sanar cewa za a binciki jami'an da ke da hannu a kamawa da tsarewar. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 tana aiki a Abuja, ta kuma hana a haɗa yaro da manya a tsare. Wa ya sa hannu aka tsare su? Wa aka ba kuɗin abincinsu? Muna nan muna jira, ranka ya daɗe.

Waɗannan su ne waɗanda jarida ta ɗauka. Namu na kullum ba mai ɗauka. Mai shayi yana tsaka da soya ƙwai wajen ƙarfe goma na dare, sai mota ta tsaya, a kwashe shi da masu cin burodin da almajirin da ke wanke kofi, a bar risho yana ci. Ba a tambayar kowa laifinsa, a caji ofis za a yi bayani. A bayan kanta a karɓe waya da bel da takalmi da kuɗin cinikin ranar, wani lokaci a rubuta wani lokaci a manta. A bango ga takarda an manna da manyan baƙaƙe cewa beli kyauta ne, a ƙarƙashinta kuma ake cinikin belin, a faro daga sama a yi ta ragi har a daidaita. Wanda ba shi da tsaba a raka shi wajen mai POS. Wanda ba shi da kowa a garin, kamar yawancin 'yan ciraninmu, sai ya kwana uku ya kwana bakwai, daga nan a rubuta masa zaman banza ko haɗa baki, a tura shi Kuje ko Suleja jiran shari'a. Matarsa a ƙauye sai dai ta ji wayarsa a kashe.

Idan an zo neman mutum ba a same shi ba, a tafi da ƙaninsa ko matarsa har sai ya kawo kansa. Idan mai gida da ɗan haya sun saɓa a kan kuɗi, wanda ya fi ƙarfi ya ɗauko ɗan sanda. Wanda aka yi wa sata ya kai ƙara, a ce ya kawo kuɗin mai da kuɗin takarda. Saurayi mai kitso ko mai kwamfuta a jaka, a tare shi a buɗe wayarsa a ce ɗan damfara ne. Mai gemu da ɗangalallen wando ya sha tambaya a shinge. Bafulatanin da ya sayar da saniyarsa a kara, aka ga kuɗin a jikinsa, a ce na fansa ne. Mai buhu a kafaɗa kuwa, ko takarda gare shi daga ƙungiyarsa, ɓarawon ƙarfe ne. Ba mu musa cewa akwai ɓata-gari a cikin 'yan gwangwan masu sace murfin kwalbati da wayar lantarki, akwai 'yan acaɓa masu karya dokar da aka kafa tun 2006 ta hana su shiga tsakiyar gari. A kama mai laifi da laifinsa, mu ma za mu taya nuna shi. Amma a ce "aboki" a kwashe layi guda, wannan ba bincike ba ne. Mun kai kuka wurin masu unguwanni, mun zauna a tarurrukan 'yan sanda da jama'a, mun buga lambobin da aka ce a buga, wasunmu sun rubuta takarda an buga mata hatimi an ba su kwafi. Sau da yawa takardar tana komawa teburin wanda aka kai ƙararsa, daga nan mai ƙara ya fara neman inda zai ɓuya.

Abin takaicin shi ne kusan duk abin da muka lissafa doka ta riga ta hana, kuma wannan majalisa ce ta yi mafi yawan dokokin. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya, ko biyu idan kotu na da nisa. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani a sashe na 7, ta halatta wa mace tsayawa beli, a sashe na 34 kuma ta wajabta wa majistare ya ziyarci caji ofis aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba littafin kame, ya ba da beli nan take idan ya ga ya dace. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 25. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kame a kan rikicin bashi da ciniki, ta ce kowane ofishin yanki ya sami ɗan sanda lauya mai lura da haƙƙin waɗanda aka tsare, a sashe na 54 kuma ta faɗa ƙarara cewa launin fata, ko shekaru, ko aski, ko sutura, ko ɗaukar wata al'umma a matsayin masu laifi, ba hujjar zargi ba ce. Dokoki kam mun gode Allah. Mai tilasta a bi su ne babu.

Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda ita aka kafa don ta zama idon farar hula a kan rundunar. Shugabanta na farko a wannan jamhuriya, Cif Simon Okeke, farar hula ne. Tun daga 2008 kuwa, waɗanda aka naɗa shugabancinta, Parry Osayande da Mike Okiro da Musiliu Smith da Solomon Arase da Hashimu Argungu, duk manyan 'yan sanda ne masu ritaya. Ba mu zargin ko ɗaya daga cikinsu da komai, mutane ne masu daraja. Sai dai wanzami ba ya son jarfa, kuma da wuya mutum ya tsananta wa gidan da ya yi shekara talatin da biyar a cikinsa. Ga shi hukumar ba ta da iko a kan Sufeto Janar, sashen karɓar ƙorafin da aka buɗe a 2015 kuma a cikin rundunar yake. Wanda ya daure ya je kotu ya yi nasara, sai ya tarar da sashe na 84 na dokar aiwatar da hukuncin kotu, wadda aka gada tun zamanin Turawa, yana cewa ba za a taɓa kuɗin gwamnati ba sai da yardar Antoni Janar, wato lauyan wanda aka kayar.

Ba sai mun je Turai neman misali ba. Kenya da Afirka ta Kudu duk sun yi doka a 2011 da ta kafa hukumar farar hula mai masu bincikenta na kanta. A Afirka ta Kudu, idan mutum ya mutu a hannun 'yan sanda, dole shugaban caji ofis ya sanar da hukumar nan take, ya kuma aika rahoto a rubuce cikin awa 24. Ba a daina zalunci a ƙasashen ba, amma a Kenya an ɗaure shugaban caji ofis sukutum a kan mutuwar wanda ke tsare a hannunsa.

Don haka, ranka ya daɗe, muna roƙo da girman Allah da girman kujerarka a kira Sufeto Janar da Antoni Janar da shugaban Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda a zaman da kowa zai gani, su zo da rahoton Ojukwu da na Galadima, su bi sunayen ɗaya bayan ɗaya su faɗi inda aka kwana, su kuma kawo sakamakon binciken da aka yi alkawari a kan yaran 2024. Wannan shi ne na farko, kuma bai buƙaci sabuwar doka ba.

Babban roƙonmu shi ne majalisa ta yi wa Birnin Tarayya dokar kafa hukumar sa ido ta farar hula, wadda tsohon mai kaki ba zai shugabance ta ba, mai ofis a dukkan ƙananan hukumomi shida har Abaji da Kwali, mai ikon shiga caji ofis ba tare da sanarwa ba, wadda dole a kai mata rahoton duk wanda ya mutu ko ya jikkata a tsare, a kuma yi binciken gawa a gaban danginsa. A sa wakilan 'yan asalin ƙasa da na mata da na ƙungiyoyin sana'a a cikinta, kuɗinta kuma ya fito kai tsaye daga kasafi, kada ta zama mai roƙon mota a wajen wanda take bincike. A gyara dokar Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda a mayar da shugabancinta ga farar hula. A gyara sashe na 84, a kuma tanadi cewa jami'in da kotu ta samu da laifi shi ma ya ɗanɗana wani kaso na diyyar. Kafin a kai ga wannan, a ba majistarori motoci da ma'aikatan da za su riƙa ziyarar wata-wata, a riƙa manna rahoton ziyarar inda jama'a za su gani, a kuma samar da tafinta a caji ofis, domin da yawanmu sun dangwala yatsa a kan bayanin da aka rubuta da Turanci ba a karanta musu ba. Muna kuma roƙon a duba albashi da mazaunin ƙananan 'yan sanda da kuɗin gudanar da caji ofis, don kada kuɗin mai ya ci gaba da fitowa daga aljihun mai ƙara.

A shirye muke mu bayyana gaban kwamitin a duk ranar da aka sa mana, da shaidunmu da takardun asibiti da kwafin ƙorafe-ƙorafen da muka riga muka kai. Muna roƙon a yi wasu zaman a Nyanya da Zuba da Gwagwalada, saboda shiga harabar majalisa ya fi ƙarfin yawancinmu, a kuma saurari waɗanda ke tsoron a gane su a asirce, a ba su kariya bayan sun yi magana.

Allah ya ja zamanin Iya, ya ba shi ikon share mana hawaye.

Mu ne masu biyayya a gare ka,
Mazauna unguwannin kewayen Birnin Tarayya, Abuja, waɗanda sa hannunsu da dangwalen yatsunsu ke haɗe da wannan takarda.